Littafin Ƙirgar Shahuna

Al Karama, Dubai
Litinin, 12 ga Maris, 2018

Zuwa ga Baba Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Ya kunnen? Ina gaida Anti Mero da yaranta. Na san kiran waya ba ya yi maka amfani, shi ya sa na rubuta da hannu. Zan ɗauki hoton takardar in tura wayar Anti Mero, ta kai shago a buga maka.

Baba, an kama ɗanka, Abban Nisa. Yau kwana uku.

Ran Juma'a bayan asuba ya ɗauki madubinsa na hangen nesa da littafinsa ya tafi bakin teku. Ka san halinsa. Da zarar bazara ta kama, shahuna da gaggafa suka fara wucewa arewa, ba ya zama a gida ranar hutu. Wannan karon ya je ya tsaya jikin shingen wata tashar jiragen ruwa. An ce akwai allon gargaɗi a wurin, shi ya ce bai gani ba, kansa yana sama. Masu tsaro suka ga mutum da madubi yana duba agogo yana rubutu. Suka buɗe littafin. Haruffan Larabci ne, kowannensu yana iya kiran harafin, amma babu kalma ɗaya da suka gane. Ga lokaci, ga lambobi, ga kibiyoyi. Ka ga abin da za su zata. Ya ce musu Hausa ce, tsuntsaye ne. Suka ce khalas, wato shi ke nan, a kawo wanda zai tabbatar.

Na samu lauya, wani Basudane ne. Ya karɓo mini kwafin littafin, shafi arba'in da ɗaya. Ya ce a samu wanda zai juya shi zuwa boko layi bayan layi, ya yi rantsuwa a kotu cewa bai rage komai ba, sannan tafinta a nan ya mai da shi Larabci. Ran Lahadi 25 ga wata za a duba maganarsa. In babu fassara, ya ce zaman zai yi tsawo, kuma ƙarshenta kora ce, ba dawowa.

Jiya na yini a Al Muraqqabat wajen 'yan kasuwarmu. Alhaji Ado ya duba ya juya, ya ce, "Hajiya, wannan ai babu wasali ko ɗaya. Kaza ce ta bi ta kan takardar?" Mutum biyu na ga alamar sun fara karantawa, da suka ji batun kotu suka miƙo mini kayana. Ɗaya ya ce, "Ki yi haƙuri, bizarmu ta wata uku ce." Ban ga laifinsu ba.

Ni boko na yi, Baba. Shekara shida ina ganin littafin nan a kan tebur, ban san abin da ke ciki ba. Ya sha gaya mini hannunka ya ɗauko. Don Allah, don Annabi, ka taimake ni. Shafukan suna biye da wannan takarda.

'Yarka,
Ummulkhair

*

Hausari, Nguru
Alhamis, 15 ga Maris, 2018

Zuwa ga Ummulkhair,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, shafukan ma sun iso, duk da mai shagon ya buga rabinsu a kife. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, da safe tawa ce, da yamma ta mai ita. Kunne kuwa ya riga ni yin ritaya. Zafi ya fara, ruwan fadama yana ja da baya. Mero tana amsawa.

Kin sa hannu da 'yarka. Bari in gyara. Ta wajen mijinki Muhyiddeen ke surukata ce, tun da mahaifinsa taubashina ne. In na bi wannan, sai in gaishe ki in sunkuyar da kai. Amma ni da kakarki Iya Ramlat ɗaki ɗaya aka goye mu, ta nan ke jikata ce. Na zaɓi jika, don in samu bakin magana. To jikata, ki ci abinci.

Laifin nan kashi biyu cikin uku nawa ne. Da mahaifinsa ya rasu aka kawo mini shi, lokacin ina aikin awon ruwa a gada. Kullum hantsi in sauka in duba sandar awo, in rubuta lokaci, in rubuta lamba. Rijistar gwamnati da boko nake cika ta, amma ina da nawa littafin na ajami, inda nake sa abin da gwamnati ba ta tambaya ba: wa ya haye ruwa, wane tsuntsu ya iso, wanne ya tafi. Wasali kuwa ban taɓa sa shi ba. Na ce wanda ya rubuta ai ya san abin da yake nufi, me zai sa a yi ta ɓarnar tawada. Ashe shekara talatin bayan nan rowar tawadata za ta sa a kulle mutum a ƙasar Larabawa.

Akwai wani shaho da ke zuwa mana da sanyi, yana shawagi ƙasa-ƙasa kan ciyawar ruwa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Mu dai shahon fadama muke ce masa. Bazara na yi ya ɓace. Yaron ya tambaye ni ina yake zuwa, na ce Makka. Kin san babba ya fi son ya yi wa yaro ƙarya da ya ce ban sani ba. Shekarar da ya fara aiki a sito ɗin nan na Ras Al Khor ya rubuto mini: Baba, na gan su, ta nan wasu suke bi, kuma ba sa tsayawa Makka. Na ce to in ka ga namu ka gaishe su, ka ce mun gode da sallamar da ba su yi ba.

Na yi shafi goma sha ɗaya. Ga ɗanɗano, ki kai wa lauyanki ya kwantar da hankali:

"Juma'a, iska daga kudu. Bakwai da kwata, shahon fadama ɗaya, mace. Takwas saura, shirwa huɗu, sama sosai. Takwas da rabi, gaggafa biyu suna hawa iskar zafi, ba su kaɗa fiffike ba har suka ɓace. Wani Bature da ke gefena ya ce uku ne. Biyu ne."

Kin ji babban sirrin da ya ɗauko. Kafin Talata zan gama da yardar Allah, in je kotu Hadi rijistara ya rantsar da ni.

Kakanki,
Maharazu

*

Al Karama
Litinin, 19 ga Maris

Baba,

Ina kwana. Allah ya ƙara lafiya. Na ga takardarka, na karanta ta sau uku, na ci abinci kamar yadda ka ce. Lauya ya yi dariya da ya ji maganar Baturen, ya ce inshallah, inshallah.

Jiya aka bar ni na gan shi, minti goma, ta bayan gilashi. Ya rame. An aske masa kai. Ya tambayi ko wurin aiki sun kira, na ce sun kira, sun ce za su jira zuwa ƙarshen wata, bayan nan ba su yi alkawari ba.

Sai na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baba Maharazu yana juya littafin gaba ɗaya. Baba, da ka ga fuskarsa. Ya ce, "Wa ya ce ki tura masa?" Na ce lauya. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya dafa gilashin ya ce, "Ki ce ya bari. Gara su kore ni." Na ce kana cikin hankalinka? Nisa tana kwance a ƙasar nan, in suka kore ka wa zai riƙa zuwa kanta? Mai gadin ya ce yalla, lokaci ya cika.

Ka san ranar Laraba da ta wuce Nisa ta cika shekara da rasuwa. Ni kaɗai na je kabarinta, da maƙwabciyata Zaituna.

Me ke cikin littafin nan? Na zauna da kwafin ina kallon haruffan har idona ya yi ja, kamar in na matsa musu za su yi magana. Kada ka saurare shi, ka ci gaba. Saura kwana shida.

Ummulkhair

*

Hausari, Nguru
Laraba, 21 ga Maris

Jikata,

Lafiya lau muke. An yi mana rasuwa a maƙwabta, wani tsoho da muka yi makarantar allo tare, na yi kwana biyu ina zaman gaisuwa, shi ya sa kika ji shiru. Allah ya ji ƙan Khairunnisa, ya sa mai ceto ce.

Ga shafi talatin da takwas. Na sa wa kowane layi lamba yadda lauya ya ce. Tsuntsaye ne daga farko har ƙarshe, sai ƙorafin zafi, sai wata rana da ya manta ruwan sha. Na ƙaru ma. Ashe akwai wani ƙaramin shaho mai jan baya da ke wucewa garke-garke a ƙarshen wata, yana cin fara a sama. Akwai mai kama kifi da ƙafa. Ni da nake ganin na san tsuntsu, ashe ƙofar gida kawai na sani.

Saura shafi uku, na ashirin da biyu zuwa na ashirin da huɗu. Ban juya su ba tukuna. Idona ya gaji, kuma bugun bai fita sosai ba.

Bari in ba ki wani labari. Lokacin da nake awon ruwa, wata shekara aka turo mana wani sabon shugaba daga Maiduguri. Wata safiya na sauka na tarar ruwa ya haura alamar ja. Na san in na rubuta gaskiya za a tashi ƙauyuka uku daga gonakinsu ana saura kwana goma a yanke shinkafa. In kuma na rage lambar, wataƙila ruwan ya tsaya, wataƙila ya ci su. Na zauna a kan matakala da biro a hannu har rana ta take. Wani masunci ya wuce ya ce, "Malam, sandar ce ba ka gani, ko lambar ka manta?" Na ce duka biyun ina gani, abin da ya dame ni ke nan.

Ki tambayar mini lauya, ko talatin da takwas za su wadatar. Mutum ya ga talatin da takwas duk shaho, ai ya san sauran ba giwa ba ce. Akwai rubutun da in aka karanta shi, ba a iya mayar da shi cikin littafi.

Kakanki,
Maharazu

*

Al Karama
Alhamis, 22 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya ji ƙan abokinka.

Ka gafarce ni, yau ba zan iya ladabi ba. Bugun ya fita. Na duba kwafin da ke hannuna, shafukan nan uku sun fi sauran fita, don da baƙin biro ya yi su. Na sake ɗaukar hotonsu a bakin taga, ga su nan.

Na kai wa lauya talatin da takwas. Ya ƙirga, ya cire tabaronsa ya ce, "Ya ukhti, da ki kawo wannan gara ba ki kawo komai ba. Littafin yana hannunsu, sun iya ƙirga shafi. In uku suka ɓace, su ukun nan kaɗai za su tambaya." Ya ce ko kalma ɗaya aka tsallake, rantsuwar ta zama abin tuhuma, har da kai.

Ni ba labarin ruwa na tambaye ka ba. Kwana uku ya rage kana ba ni labarin masunci. Shi ya ce gara a kore shi, kai ka ce akwai abin da ba a mayarwa. Me kuke so in ɗauka? Tun jiya nake lissafin mutanen da yake gaisawa da su. Wani ne ya sa shi ya riƙa duba jiragen nan? Shekarun nan duka tsuntsayen fakewa ce? In haka ne ka gaya mini, in san irin addu'ar da zan yi, in san ko in fara ɗaure kaya.

In kuma mace ce, wallahi Baba ka rubuta. Ka rubuta sunanta da lambar gidansu. Ni zan kai wa tafinta da hannuna, in tsaya ya karanta a gabana. Ya fito tukuna.

Ba ni da kowa a nan sai Zaituna, ita ma mijinta ya fara ce mata ta rage shigowa wurina. Ɗakin nan in na rufe ƙofa babu motsin kowa. Bara mu uku ne.

Ummulkhair

*

Al Karama
Asabar, 24 ga Maris, da hantsi

Baba,

Na kira Anti Mero sau tara, wayar a kashe. Gobe ƙarfe goma ne. Tafinta ya ce zai jira ni har magariba, bayan nan ba ruwansa. In ka yi fushi da abin da na rubuta, ka yi fushin bayan gobe, zan durƙusa. In ba za ka yi ba, ka ce ba za ka yi ba.

Ummulkhair

*

Hausari, Nguru
Asabar, 24 ga Maris

Ummulkhair,

Muna lafiya. Ba fushi ba ne, wuta ce babu tun ran Alhamis, wayar Mero ta mutu, sai yau aka kai ta kasuwa aka cika. Takardunki biyu tare suka zo. Wanda ya isa ya yi fushi da ke a wannan hali bai san abin da ake ciki ba.

Kin kama ni, idona ƙalau yake. Tun daren da shafukan suka iso na karanta ukun nan. Su na fara karantawa ma, don baƙin biron ya ja ni.

Ba jirgi ba ne. Bai taɓa yi wa kowa leƙen komai ba, wannan ki cire shi. Ba mace ba ce kuma. Da mace ce da na ji daɗi, da tuni na rubuta na haɗa da tsiya.

Ban ƙarasa miki labarin ruwa ba, kuma na san ba kya so, amma layi ɗaya ne. Na rubuta lambar gaskiya. Aka tashi mutane, suka yi asarar shinkafa, shekara biyu wasu ba sa amsa sallamata.

Jiya Juma'a na juya ukun tun kafin takardunki su iso. Babu kotu da rana, amma na aika aka kira Hadi, ya buɗe ofis don girman furfura. Na ɗora hannu na rantse ban rage ba ban ƙara ba, ya buga hatimi. Na so in tura wa lauyan kai tsaye ba tare da kin gani ba. Na yi tunani na ga tafinta zai karanta, lauya zai karanta, masu tsaro za su karanta, wataƙila har mai kawo musu shayi. A ce duk Dubai ta san abin da ke cikin gidanki, ke kaɗai ce ba ki sani ba, wannan ba sutura ba ce. Ga su a ƙasa. In kin ga dama ki tura ba ki duba ba, babu mai ganin laifinki. In za ki duba, ki kira Zaituna ta zauna kusa.

Shafi na 22.
"Talata, 14 ga Maris, 2017. Iska ta juya kudu tun jiya, yau za su wuce da yawa. Na roƙi hutun yini. Na ce mata ina sito, akwai kwantena. Nisa ta tashi da ɗumin jiki, na ce a ba ta magani zuwa yamma. Waya na bar ta a mota.
Takwas da minti goma, shahon fadama biyu.
Tara saura kwata, gaggafa biyar.
Tara da rabi, gaggafa goma sha ɗaya a tare. Ban taɓa ganin haka ba.
Sha ɗaya, shirwa, na kasa ƙirgawa.
Sha biyu da rabi, gaggafa uku. Yau ce ranar da ta fi kowace."

Shafi na 23.
"Na koma mota ɗaya da minti ashirin. Kira goma sha huɗu. Katin asibitin Nisa yana aljihuna. Ta jira ni awa biyu kafin ta ɗauki tasi. Na isa biyu da kwata. An riga an lulluɓe Nisa da zane."

Shafi na 24.
"Ta tambaye ni ina nake, na ce sito, babu sabis a ciki. Ta ce Allah ya ƙaddara. Kwana arba'in yau. Kullum sai na shirya zan faɗa, in ta ɗago kai sai in tambayi shayi. Da na ɗauki kiran farko da tana nan. Na san haka. Na ce ba zan ƙara zuwa bakin teku ba, ga ni a bakin teku. Babu ko ɗaya yau, sun gama wucewa."

Shi ke nan, shafi na 25 ya koma tsuntsaye.

Ba zan ce ki yi haƙuri ba, wannan kalmar an gaya miki ita bara har ta gaji. Ba zan kare shi ba, ni na koya masa ɗaga kai sama, ban koya masa saukewa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki fitar da shi tukuna, kamar yadda kika ce. Abin da za ki yi da shi bayan nan naki ne, kuma duk abin da kika yanke, ƙofar gidan nan a buɗe take gare ki, ba don shi ba, don Iya Ramlat.

Maharazu

*

Al Karama
Talata, 3 ga Afrilu, 2018

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar? Ka yafe mini shirun kwana goma, na san Anti Mero ta gaya maka a taƙaice. Na kasa riƙe biro ne.

Ya fito ran Alhamis. Takardunka sun isa hannun tafinta saura minti arba'in magariba, a tsaye ya yi aikin. Ran Lahadi suka karɓa, suka ce a dawo. Lauya ya ce wani babba a cikinsu, mai kiwon shaho ne shi ma, ya riƙe fassarar yana ta musu a kan shafi na tara, wai tsuntsun da aka rubuta ba ya wucewa a wannan watan. Aka fito da ɗanka suka yi ta gardama, har ya zana masa fiffiken a bayan takarda. Da mutumin ya kai shafi na 22 sai ya bar gardamar. Ya karanta ukun, ya rufe, ya ce a kawo masa ruwa ya sha. Sun riƙe madubin da littafin. Ya sa hannu ba zai ƙara kusantar shingen ba. Ba a kore shi ba. Wurin aiki sun ce ya koma ran Lahadi mai zuwa.

Na karanta, Baba. Ban kira Zaituna ba.

Shafi na 22 da na 23 ba su gaya mini sabon abu ba. Ranar nan da ya shigo asibiti, ƙafar wandonsa jiƙe take da yashi har ƙauri. Babu yashi a sito. Ni na wanke wandon da hannuna bayan kwana uku, gishiri ya bushe a jiki. Na tambaye shi sau ɗaya don in ba shi hanya, ya ce sito. Na ce to. Na zauna ina jira ya faɗa da bakinsa. Ga shi ya faɗa wa kai, da tafinta, da lauya, da mai kiwon shaho, ni ce ta biyar.

Na 24 ne ya hana ni barci. Inda ya ce da ya ɗauki kiran farko da tana nan.

Ba haka ba ne. Kafin ya iso, likitar ta zaunar da ni. Ta ce irin sanƙarau ne mai gudu, ta ce ko da asuba na kawo ta, da wuya abin ya canja. Ta maimaita sau biyu, ta riƙe hannuna, ta ce kada ni ko babanta mu ɗora wa kanmu. Ta ce in gaya masa. Da na ga yashin nan sai na haɗiye. Na ce ba zan ba shi ba sai ya ba ni tawa. Shekara guda ina kallonsa yana ajiye cokali a tsakiyar abinci, ina jin sa yana juyi, maganar tana bakina. Na san abin da take yi masa, Baba. Ba mantawa na yi ba.

Ka ce abin da zan yi da shi nawa ne. Ban sani ba tukuna. Wani lokacin in na dube shi sai in ga goma sha ɗayan nan da ya tsaya yana ƙirgawa ina tsaye a bakin titi da ita a kafaɗa. Ban yafe ba, kada in yi maka ƙarya kai da ka rantse saboda ni. Wataƙila in zo Nguru bayan salla in kwana biyu, wataƙila in daɗe.

Tun da ya dawo bai ce komai ba sai sannu da na gode. Ya san na karanta. Yana zama a falo ya juya wa taga baya. Ɗazu na ce masa in ya yi la'asar kada ya fita, akwai maganar likita da ban gaya masa ba. Ya dube ni kamar zai tambaya, ya fasa.

Ban san ta inda ake fara irin wannan ba. Kai da ka iya ɗauko zance daga nesa, da kana kusa da na ce ka ara mini. Na ji ya sallame. Ka gaida Anti Mero, ka sa mu a addu'a. Bari in je.

Jikarka,
Ummulkhair